Duwatsun Kaburburan Saney da Salsalar Sarakunan Gao

Gabatarwa

Mai neman salsalar wani gida a ƙasar Hausa, bisa al'ada, wuri biyu yake dosa: ko dai bakin dattawa da maroƙan gidan, ko kuwa takardun da malamai suka bari a gafaka. Da wuya a ji ya nufi maƙabarta, domin kafin shigowar allunan ƙarfe na zamanin nan, kabarin Bahaushe ba ya ɗauke da suna. Tulin ƙasa ne, a kafa masa ɗan itace ko fasasshiyar tukunya, damina biyu ko uku ta baje shi, sai wanda ya halarci jana'iza kaɗai ke iya nuna wurin. Wannan kuwa yana da tushe a fiƙihun Malikiyya, inda aka karhanta yin gini a kan kabari da yin rubutu a jikinsa. Ko kaburburan da aka kiyaye, irin Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Ɗan Marina a Katsina, ziyara da ambaton jama'a ne suka riƙe sunayen masu su.

Abin da wannan ya haifar shi ne, jerin sunayen sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Daura duk an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan shuɗewar mutanen farko da ke cikinsu, kuma babu wani rubutu daga zamanin waɗancan mutane da za a aza jerin a kansa a ga ko ya zauna daidai. Birnin Gao, wanda ke gaɓar kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, yana cikin wurare ƙalilan a Sudan ta Yamma inda aka dace da shedu biyu a kan sarautar gari guda, watau kundin tarihi na ƙarni na 17, da duwatsun kaburbura masu kwanan wata daga shekarar 1100 zuwa cikin ƙarni na 13. Manufar wannan maƙala ita ce a gwada shedun nan biyu da juna, a ga iyakar abin da kowace ke iya faɗa game da wane ya haifi wane. Gao dai ba baƙuwa ba ce ga ƙasar Hausa. Can Shaihu Magili ya nufa bayan zamansa na Kano da Katsina, kuma rundunar sarkinta, Askiya Muhammadu, ita ce Kanta na Kabi ya yi wa tawaye wajen 1516.

Shedar kundi

Abdurrahman al-Sa'adi haifaffen Tambutu ne a 1594. Ya yi limanci a Jenne, daga baya ya zama magatakarda a fadar Basha na Tambutu, ya kuma kammala littafinsa, Tarikhus Sudan, wajen 1655. Babin farko na littafin jerin sarakuna 32 ne, kowannensu da laƙabin da aka daɗe ana karantawa Za. Na farkonsu shi ne Alayaman. Sa'adi ya ce wannan mutum da ɗan'uwansa sun fito ne daga ƙasar Yaman, suka yi ta gararamba har suka iso garin Kukiya cikin tsumma da dauɗa. Da aka tambaye su daga ina suke, sai ɗaya ya amsa da Larabci cewa daga Yaman aka zo, mutanen gari suka kasa furta jimlar, suka karya ta, ta zama suna. A lokacin mutanen Kukiya suna bauta wa wani kifi mai zobe a hanci, wanda kan taso daga ruwa ya yi musu umarni da hani. Baƙo ya soke kifin, jama'a suka naɗa shi sarki.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a tuna masa da Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu. Baƙo daga gabas, da dodon ruwa da ya addabi gari, da sarauta a matsayin tukuici: zubin ɗaya ne, kuma yawan wuraren da ake samunsa ya isa ya nuna cewa aikinsa shi ne bayyana halaccin gidan sarauta. Ba a neman shekara ko sunan uba a irin wannan labari.

Sa'adi ya ci gaba da cewa sarakuna 14 na farko sun mutu ba su musulunta ba. Na 15, mai suna Kusoy, shi ne ya karɓi Musulunci a shekara ta 400 bayan Hijira (1009–1010), aka yi masa laƙabi da Muslim Dam, watau wanda ya musulunta don raɗin kansa, ba da tilas ba. Ban da wannan shekara guda, jerin ba shi da kwanan wata, ba shi da tsawon mulki, bai kuma ce wane ɗan wane ne ba. Sunaye ne a jere kamar 'ya'yan carbi. Inda aka sami maganar haihuwa ƙarara shi ne a babi na biyu, inda aka ce Yasiboy, na 28 a jerin, shi ne mahaifin Ali Kulun wanda ya kafa gidan Sonni. Da wannan ƙulli guda aka ɗaure gida na biyu a jikin na farko.

Bayan da Octave Houdas ya buga matanin Larabcin a 1898 da fassarar Faransanci a 1900, masu tarihi suka karɓi jerin hannu bibbiyu. Maurice Delafosse, a 1912, ya ƙiyasta wa sarakunan shekaru, ya kai farkon gidan ƙarshen ƙarni na 7. Alhali kuwa tun a littattafan Larabawa akwai abin da ya kamata ya sa a yi hattara. Muhallabi, wanda ya rasu a 990, ya riga ya faɗi cewa sarkin Kaukau (sunan da Larabawa ke kiran Gao) yana bayyana Musulunci a gaban talakawansa. Ke nan akwai sarki Musulmi a Gao aƙalla shekara ashirin kafin musuluntar Kusoy. Bakri kuma, a 1068, ya ce idan an naɗa sarki a can akan miƙa masa zobe da takobi da Alƙur'ani, kuma Musulmi kaɗai ake naɗawa.

Shedar dutse

A 1939 aka tono wasu duwatsun kaburbura a Saney, wani tsohon kufai kimanin kilomita 6 daga Gao ta wajen gabas. Wasu daga cikinsu na farin dutse ne mai santsi da sheƙi, wanda Larabawa ke kira ruhamu. (An guji kalmar marmara a nan, domin marmarar da aka sani a ƙasar Hausa ja ce mai gautsi, ba ta da haɗi da wannan.) Jean Sauvaget, masanin rubuce-rubucen Larabci na jikin gine-gine, ya buga nazarinsa a kansu a 1949 da 1950, inda ya nuna cewa salon rubutun Kufi da ke jikinsu da zubin adonsu iri ɗaya ne da na duwatsun kaburburan birnin Almeriya na Andalus. Can aka sassaƙa su. A lokacin Almeriya tana hannun Murabiɗai, ita ce kuma babbar tashar jiragen ruwansu, har zuwa 1147 da Kiristoci suka ci ta.

Ya kamata a ɗan dakata a kan abin da wannan ke nufi. Kowane dutse yana ɗauke da ranar mutuwa da wata da shekara, saboda haka ba a iya sassaƙa shi sai bayan an yi mutuwar. Tsakanin Gao da Almeriya akwai fiye da kilomita 2,000 ko da a miƙe aka auna, da hamada da teku a tsakani. Sai an rubuta abin da ake so a Gao, an ba ayari, saƙo ya ƙetare Sahara, masassaƙi ya yi aikinsa, sannan a ɗoro dutsen a kan raƙumi a komo da shi. Wanda ya ɗauki wannan ɗawainiya ba zai bar kalmomin su tafi kara zube ba. Abin da ke jikin dutsen, magana ce da fada ta zauna ta zaɓa, tana son a karanta ta bayan kowa ya shuɗe. Dutse sheda ne na zamaninsa, amma sheda ne da mai gida ya gayyato.

Sarakuna uku ne suka fi jan hankalin manazarta. Na farko shi ne Abu Abdullahi Muhammadu ibn Abdullahi ibn Zaghi, wanda ya rasu a 494 bayan Hijira (1100), an kuma yi masa laƙabi irin na halifofi, al-Nasir li-Dinillah. Na biyu shi ne Abubakar ibn Abi Ƙuhafa, ya rasu a 503 (1110). Na uku kuwa Umar ibn al-Haɗɗab, ya rasu a 514 (1120). Duwatsun biyun farko na Almeriya ne, na ukun kuwa a gida aka sassaƙa shi. Babu ɗaya daga cikin sunayen nan uku a jerin Sa'adi.

Wane ne uban wane?

Wanda ya zo da niyyar zana salsala zai yi murna da waɗannan duwatsu, domin ga suna, ga sunan uba, ga shekara. Zai rubuta cewa an yi wasu mutum uku a Gao a ƙarni na 11, Abdullahi da Abu Ƙuhafa da Haɗɗabi, kowannensu ya haifi sarki. To amma almajirin da ya fara karatun sira zai riga shi gane abin da ke faruwa. Muhammadu ɗan Abdullahi sunan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abubakar ɗan Abu Ƙuhafa shi ne halifa na farko, Umar ɗan Haɗɗabi shi ne na biyu. Sarakunan sun biyo juna ne daidai da yadda masu sunayen na asali suka biyo juna a Madina. Kafin wannan ya faru bisa dacewa, sai a ce tun zamanin kakanni an raɗa wa jarirai uku sunayen Abdullahi da Abu Ƙuhafa da Haɗɗabi, kowanne ya girma ya haifi ɗan da ya dace, 'ya'yan kuma suka hau gado bi da bi ba tare da wani ya tsallake wani ba. Hankali ba zai ɗauka ba. Abin da ya fi kusa shi ne, kowane sarki ya yafa sunan ne ɗungurungum, da shi da sunan uban da ke manne da shi, kamar yadda ake yafa alkyabba ranar naɗi. Gidan yana shelar cewa shi ne mafarin sabon zamani na Musulunci a ƙasarsa, sarkinsa na farko a mazaunin mai kawo saƙo, na bayansa a mazaunin halifofi.

Wannan ɗabi'a ba za ta zama abin mamaki ga Bahaushe ba, domin a wurinsa ma suna yakan jawo abokin tafiyarsa. Duk Abubakar Siddiku ne, duk Umaru Faruku ne, Aliyu Haidar ne, Ibrahim kuma Halilu, ko da kuwa ba a ambaci na biyun ranar suna ba. Bambancin kawai shi ne a Saney sunan ya jawo har da uban mai shi. Haka kuma kalmar ɗan a Hausa ba kullum take nufin haihuwa ba, in ma ta nufa ba kullum take ba da sunan yanka na uban ba. Ɗan Marina sana'a aka jingina shi gare ta. Fodiyo laƙabin malanta ne na mahaifin Shehu Usmanu, sunansa kuwa Muhammadu. Ɗan wa da ɗan ƙane duk 'ya'ya ne a bakin Bahaushe. Mai nazarin salsala da ya san wannan a harshensa bai kamata ya manta da shi ba don kawai ya ga ibn an sassaƙa a jikin farin dutse.

Dutse na uku, wanda aka yi a gida, shi ne ya warware zancen, domin ya kawo sunaye biyu na mutum guda. Ya ce mamacin shi ne Yama ibn Kima ibn Zaghi, wanda ake kira Umar ibn al-Haɗɗab. Ashe uban sarkin Kima ne. Da wannan dutse ya ɓata, ko da masassaƙinsa ya taƙaita kamar yadda aka yi a na Abubakar, da babu abin da zai hana a shigar da Haɗɗabi cikin salsalar sarakunan Gao.

Daga nan sai shakka ta koma kan dutse na farko. Zaghi ya fito a dutsen 1100, ya kuma fito a na 1120, kuma ba ya cikin nasabar Manzo ko ta Umar, saboda haka shi na gida ne, ana iya dogara da shi. Abdullahi kuwa yana iya zama sunan uban na gaskiya, yana kuma iya zama ɓangaren alkyabbar. In na gaskiya ne, to Muhammadu da Yama 'ya'yan wa da ƙane ne. In na aro ne, babu abin da zai hana Kima ya zama uban su biyun. Shi kuwa Abubakar, tun da sunansa na gida bai fito ba, yana nan a rataye tsakaninsu, zamansa a maƙabarta ɗaya da su da shigarsa cikin tsarin sunayen su ne kaɗai ke nuna ɗan gidan ne. Har ila yau, ibn kan tsallake tsatso ɗaya ko fiye, ta yadda Zaghi zai iya zama kaka na kusa, ko kakan kakanni wanda zuriya ke amsa sunansa.

Akwai kuma wahalar karatu, wadda duk wanda ya yi fama da tsofaffin takardun ajami ya san ta. Rubutun Kufi na jikin duwatsu yawanci ba shi da wasali, ba shi kuma da ɗigon da almajirai ke kira ruwa. Ra da zaira ɗigo ne ya raba su, haka aini da gaini. Baƙaƙen da aka karanta Zaghi ana iya karanta su Zaghay, ko Zaghe, ko ma Ra'i. Baƙin farko na Yama an karanta shi ta hanya fiye da ɗaya, Kima kuma yana iya zama Kuma. Duk wanda ya ce sunan kaza na dutse shi ne sunan kaza na kundi, ya riga ya zaɓi wasalin da zai kai shi inda yake so.

Ƙoƙarin haɗa shedun biyu

John Hunwick, a 1980, ya kawo ra'ayin cewa sarakunan Saney Barbarawan Sanhaja ne masu alaƙa da Murabiɗai, waɗanda suka karɓe iko a wurin, ya kuma sake bitar ra'ayin nasa a 1994. Dierk Lange kuwa, a 1991, ya ga cewa Yama ɗan Kima shi ne sarki na 18 a jerin Sa'adi, wanda sunansa ke ƙarewa da Kima, watau Biyay Koi Kima. In haka ne, an sami maɗauri guda tsakanin dutse da kundi, sai a ce na 16 da na 17 su ne Muhammadu da Abubakar.

Ra'ayin yana da armashi, amma lissafi yana yi masa cikas. In na 15 ya musulunta a 1009 ko 1010, na 16 kuma ya rasu a 1100, to mutum biyu ne za su cike shekara casa'in, sannan na bayansu su yi goma goma. Dole a saki ɗaya, ko dai shekarar 400 ko kuma haɗin sunayen. Shekarar 400 ita ta fi sauƙin saki, domin Muhallabi ya riga ya raunana ta, ga shi kuma cikon ƙarni ce, irin shekarar da malamai ke sa ran bayyanar mai jaddada addini. To amma in an sake ta, an saki kwanan wata guda ɗaya tak da jerin yake da shi, sai ya zamana ana gyara kundi don ya dace da dutse, sannan a kafa hujja da dacewar. Kama da wane ba ta wane.

Shi ma ra'ayin Sanhaja yana da rauninsa. Farin dutsen Almeriya yana tabbatar da dukiya da hulɗar ciniki da sanin abin da manyan Andalus ke yi wa matattunsu. Bai faɗi jinin wanda ya saya ba. Sunayen gida da suka ɓullo a duwatsun, irin Yama da Kima da Kuri, sun yi kama da waɗanda ke yawo a jerin Sa'adi, inda ake da Yama Karaway da Yama Dao da Ali Kur. Wannan ya fi karkata ga cewa mutanen bakin kogi ne, ko da ba a iya cewa wane shi ne wane ba.

Babban aikin da aka yi a kan wannan fage shi ne na Paulo de Moraes Farias, wanda ya fito a 2003 bayan shekaru masu yawa na bincike, ya tattara rubuce-rubuce kusan 250 daga Gao da Saney da Essuk da Junhan da Bentiya. Ya nuna cewa laƙabin da Houdas ya karanta Za yana nan a wasu duwatsun na ƙarni na 12 da na 13, an rubuta shi da zaira da wau da alif, watau Zuwa. Hunwick ma haka ya rubuta shi a fassararsa ta Tarikhus Sudan ta 1999. (Tun da Sa'adi ya ciro laƙabin daga kalmar Larabci mai ma'anar ya zo, Bahaushe zai so ya ce ai zuwa Hausa ce. Dacewar sauti ce kawai, kuma irin wannan kwaɗayi shi ya haifi labarin Yaman tun farko.) Ke nan Sa'adi bai ƙagi laƙabin ba, ya gaji abu ne na gaskiya. Sai dai duwatsun sun nuna masu laƙabin malik da masu laƙabin Zuwa a cikin zamani mai kusantar juna, ba su kuma nuna layi guda miƙaƙƙe irin na kundi ba. Akwai wani malik mai suna Fanda da ya rasu a 1203, shi ma ba ya cikin jerin.

Waɗanda kundi ya bari a waje

Abin da ya fi komai fitowa fili a Saney, bayan sunayen halifofi, shi ne mata. Akwai dutsen wata mai laƙabin malika, watau sarauniya, wadda ake karanta sunanta Suwa, ta rasu a 502 (1108), kuma nata dutsen ma daga Almeriya aka kawo shi, daidai da na sarakuna. Akwai wata malika da ta rasu a 1119, baƙaƙen sunanta mim da sin da ra. Akwai kuma A'isha 'yar malik Kuri, ta rasu a 1117, wadda ta dalilinta aka san an yi wani sarki Kuri. Moraes Farias ya fahimci malika a matsayin sarauta mai zaman kanta wadda ke tafiya tare da ta malik, kuma wanda ya san Magajiya a Daura da Inna a Gobir da Magira a Barno ba zai ga baƙon abu a nan ba. Jerin Sa'adi kuwa maza ne zalla daga na 1 har na 32. Ga mai neman salsala wannan giɓi ne babba, domin inda sarautar mata take da wannan nauyi, mai yiwuwa ne dangin uwa suna da hannu a kan wanda zai hau gado, kuma jerin maza ba zai taɓa nuna hakan ba.

Laƙabin Askiya ma ya sha irin wannan gyara. Sa'adi ya ce ya samo asali ne a 1493, lokacin da Muhammadu ya ƙwace mulki, 'ya'yan Sonni Ali mata suka yi ta cewa da harshen Songhai ba zai zama ba, kalmar ta bi shi. Amma laƙabin yana nan a jikin wani dutsen kabari a Gao mai shekarar 1234, fiye da shekara 250 kafin wannan juyin mulki.

Me ya sa kundi ya yi nisa da dutse haka? Amsar Moraes Farias ita ce marubutan Tambutu ba su yi aiki da duwatsun ba, kuma bukatarsu daban ce. Sun yi rubutu ne bayan rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, bayan an kama malaman Tambutu a 1593 an tafi da irin su Ahmad Baba zuwa Marrakesh. Jikokin mayaƙan Maroko da zuriyar Askiya da gidajen malamai suna zaune a ƙasa ɗaya, suna bukatar tarihin da zai ba kowa mazauni. Tarihi mai layi ɗaya, daga Zuwa zuwa Sonni zuwa Askiya, shi ya biya wannan bukata. Ya kuma nuna cewa Ali Kulun, wanda da shi aka ɗaure gida na biyu a jikin na farko, ya yi kama ƙwarai da Aligurran, gwarzon tatsuniyoyin Azbinawa. Ɗaya kundin, Tarikhul Fattash, nasa al'amarin ya fi haka: Nehemia Levtzion a 1971, da Mauro Nobili a 2020, sun nuna cewa a ƙarni na 19 aka sake masa zubi a kan wani littafi na ƙarni na 17, don a kafa wa Shehu Ahmadu Lobbo na Masina hujjar halifanci.

Kundin Kano a wannan ma'auni

Kundin tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya fi jerin Sa'adi ƙoshi nesa ba kusa ba. Ya kawo sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893, yana ba da tsawon mulki da sunan uba, sau da yawa har da sunan uwa. Amma shekarun da ɗalibai ke haddacewa, irin 999 ta hawan Bagauda, ba sa cikin matanin. Palmer ne ya fitar da su ta hanyar tara tsawon mulki yana komawa baya, ta yadda kuskure a zamanin sarki ɗaya zai gusar da duk waɗanda ke samansa. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965, ta saɓa wa kundin a sunaye da tsawon mulki. Littafin Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650 kuma Muhammad al-Hajj ya buga a 1968, salsalar gidan malamai ce daga zamani ɗaya da Sa'adi, ya kuma sa zuwan Wangarawa a zamanin Rumfa, alhali kundin ya sa shi a zamanin Yaji, kimanin ƙarni guda kafin nan.

Kano tana da abu guda da ya yi aikin da dutsen Yama ɗan Kima ya yi wa Gao, watau wasiƙar da Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu ibn Yaƙub a 897 bayan Hijira (1491–1492), wadda Shehu Usmanu ya naƙalto a Tanbihul Ikhwan. A nan sheda ta zamani da kundi sun haɗu: sunan uba ɗaya ne, Yakubu, shekarar kuma ta faɗa cikin mulkin Rumfa kamar yadda Palmer ya lissafa, 1463 zuwa 1499. Wannan ya ɗaure sarki na 20 da mahaifinsa na 19. Sarakuna 18 da ke samansu, daga Atuma zuwa Bagauda, su ne lissafin Palmer ya ba shekara 453, daga 999 zuwa 1452, bisa faɗar kundin kaɗai.